Faransancin Ba'ana Mai Wankin Hula

"Ka sake tsallakewa," in ji Eugene. "Sau huɗu ke nan. Kana isa bakin ƙofa sai ka haura ta katanga."

"Ai mai wuyar na faɗa. Abin da ya rage ba wani abu ba ne."

"Goni, abin da ka faɗa ko aku zai iya in an ba shi gyaɗa. Abin da ka bari shi ne yarinyar ta tambaya."

Ba'ana ya kai kwalin sabulun da ke hannunsa kusa da ido, kamar rubutun ne ya yi masa ƙanƙanta. Shi ba Goni ba ne, ko izu goma bai haɗa ba. Eugene ne ya laƙaba masa sunan tun ranar da ya gan shi yana rubuta Faransanci da ajami, daga dama zuwa hagu, har da wasali sama da ƙasa.

Suna zaune ne a benci a bakin shagon Eugene, cikin Yerwa, wato Maiduguri, inda yake sayar da zare da allura da kayan gyaran keken ɗinki. Jikin shagon rumfar Ba'ana take, ta wankin hula. Huluna kusan talatin suna shan rana a kan kututturan itace da aka sassaƙa kamar kawunan mutane. Shekara goma sha tara ke nan suna maƙwabtaka, kuma a tsawon wannan zama Ba'ana bai taɓa neman komai a wurin Eugene ba in ban da aron ashana, sai kwana tara da suka wuce, da saƙo ya shigo wayar yayarsa, Ya Gumsu, da harshen da babu mai jin sa a gidansu.

Saƙon daga 'yarsa ne, ita kaɗai gare shi. Tana Kamaru, can kudu a garin Edea, a gidan kawunta Mikail. Eugene, wanda aka haifa a Duwala ya kuma yi makarantar mishan a can, shi ya karanta masa. Ta ce za ta zauna babbar jarrabawa, ana neman takardar haihuwa, ita kuma ba ta da ita. Kawu ya ce zai iya samo mata a kotu da sunansa a gurbin uba, ranar Juma'ar makon gobe za a kai takardun. Sannan ta ce shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifinta ba, ba ta ma sani ba ko yana tuna shi. In duk ɗaya ne a wurinsa, to za ta bari a rubuta sunan Kawu. In kuma ba ɗaya ba ne, za ta jira waya ranar Larabar makon goben, bayan la'asar.

Gobe ne Laraba.

A Khaddamari aka haifi Ba'ana, a gidan manoma. Sunan kakansa aka sa masa, Abdulwahab, don haka babu wanda ya taɓa kiran sa da shi a gidan. Ba'ana kawai ake cewa, wato ƙaramin baba. Shi kansa yakan ce sai ranar ɗaurin aurensa ya ji sunan nan daga bakin liman, har ya waiga ya ga ko da wani ake. Mahaifinsa mutum ne marar magana. Bai taɓa yaba masa a gaban idonsa ba. Amma in ana cin tuwo, yakan tura tsokar nama da ɗan yatsa zuwa gefen da yaron yake, ba tare da ya dube shi ba. Da wannan Ba'ana ya tashi, kuma bai taɓa shakkar inda yake a zuciyar tsohon ba.

Yana da shekara goma sha bakwai ya shigo birni wurin wani ƙanen mahaifinsa, ya koyi wankin hula. Sana'a ce ta haƙuri. A jiƙa hula, a goge ta da buroshi ba tare da an tsinka zare ko ɗaya ba, a tsoma ta a sitaci, a ɗora ta a kan itacen da ya yi daidai da kan mai ita, in ta bushe a bi ta da guga. Hular Bama mai tsada, wadda mace ta yi wata biyu tana ɗinki, hannu ɗaya mai garaje ya isa ya kashe ta. Ba'ana bai taɓa kashe hular kowa ba. Yakan gane kan mutum tun daga nesa, ya san itacen da zai ɗauko kafin a yi sallama.

Ya auri Kellu, 'yar Gamboru, suka zauna a unguwar Mafoni. Da ta haifi mace aka sa mata sunan mahaifiyarsa, Siddiƙa. Ga ta 'yar fari, ga ta da sunan uwa. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Shi da Ya Gumsu suna ce mata Yagana, wato ƙaramar uwa, shi kuwa ko wannan ɗin ba ya faɗa in da mutane. Sai ya ce "waccan", ko "mutuniyar". Kellu kaɗai ke kiran ta da sunanta.

Yarinyar tana da shekara biyar Kellu ta tafi da ita Gamboru ganin gida, a shekarar da aka watsa garin. Suka tsallaka iyaka a guje tare da jama'a. Kellu ta kwanta ciwo a Kusiri, ba ta tashi ba. Wanta Mikail, wanda ke tuƙin babbar mota a kudancin Kamaru, shi ya zo ya binne ta, ya ɗauki yarinyar ya kai wa matarsa, mutuniyar can, a gidan da ba a magana sai da Faransanci. Hanya a rufe take a lokacin, mai fita Maiduguri ta gabas da likkafaninsa yake fita. Da hanya ta buɗe, yarinya ta riga ta shiga makaranta, Mikail ya ce a bari ta gama firamare. Da ta gama, babu wanda ya tayar da maganar.

A nan ne Ba'ana ya yi abin da yake gani shi ne mutunci. Wanda ya riƙe maka ɗa ba ka bin sa da tambaya, don tambayar tana nufin ba ka yarda da riƙon ba. Kowane wata yakan kira Mikail, su gaisa da Barbarci, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwan sama, ya ce yaya yara, duka a dunƙule. In aka miƙa wa yarinyar waya sai ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙa wa Ya Gumsu. Kowace Sallah yakan sayi atamfa da takalmi ya ba direbobi, amma sai ya ce a ce daga gwaggonta ne, kada Mikail ya ɗauka ana nufin ya kasa tufatar da ita. Barbarcin yarinyar ya yi ta zubewa shekara bayan shekara, har ya rage gaisuwa kawai. Shi kuma bai sake aure ba. Mutane sun yi magana har sun gaji.

Da Eugene ya gama karanta masa saƙon, ya yi tayin ya rubuta amsa a take, minti biyu an gama. Ba'ana ya ƙi. Ya ce magana ce da ake so daga bakinsa, kuma ba ya so ta bi ta bakin Mikail. A koya masa kalma biyu ko uku kawai, ya faɗa da kansa.

Kuskurensa shi ne bai san irin malamin da ya ɗauko ba. Eugene bai yarda da kalma biyu ba. Ya ce fadan cocin da ya koyar da su a Duwala, mai rula ta ƙarfe, bai taɓa ba su jimla ba sai sun juya aikatau ɗinta daga ni har zuwa su. Ya tambayi Ba'ana me yake so ya ce. Ba'ana ya ce, ba da son ransa ta tafi ba, kuma ba da son ransa ta girma nesa da shi ba.

Eugene ya ce to ya zaɓo wa kansa dutse mai nauyi. Ya bayyana masa cewa Faransawa suna da hanyar ba da labarin abin da ya wuce, ta tafi, shi ke nan. Suna kuma da wata hanya dabam wadda ba ta fitowa sai zuciya ta riga ta yi magana, kamar a ce na yi baƙin ciki, ko na ji tsoro, ko na yi murna, sannan abin da ya faru ya biyo baya cikin wata riga ta daban. Sunanta subjonctif passé. Ya ce har 'yan makaranta suna faɗuwa a kanta, kuma yarinyar 'yar boko ce, in ta ji an faɗa daidai za ta san an sha wuya.

Haka aka fara. Que je sois parti, que tu sois partie, qu'elle soit partie, que nous soyons partis, har ƙasa. Da aka gama da tafiya aka koma kan girma, shi kuma da nasa juyin. Ba'ana yana goge hula yana maimaitawa, buroshi na tafiya daidai da muryarsa. Wani Alhaji da ya zo karɓar hulunansa ya tsaya ya saurara, ya tambaya ko sabon wuridi ne, a wace zawiya ake bayarwa. Masu keke da ke tsayawa a bakin layin suka fara gaishe shi da bonjur. Bai kula su ba. Cikin mako guda jimlolin biyu suka zauna a bakinsa, har Eugene ya ce da fadan cocin yana raye da ya ajiye rular.

Sai dai Eugene ya rubuta sunan yarinyar a farkon jimlar, Ba'ana kuwa bai sa shi a kwalinsa ba. Wannan ce rigimar da suke yi yau.

Ba'ana ya ba shi labarin tsokar naman, yana so ya gane cewa abin da ke da girma a zuciya ba a yawo da shi a baki. Eugene ya saurara har ƙarshe, yana jera ƙananan kwalaben man keke a kan tebur.

"Kai kana gaban kwanon, Goni. Ka ga yatsan, ka ga naman. Ita me ta gani? Atamfar gwaggo."

Wannan ta shige shi. Ya tashi ya je ya juya hulunan da ba su buƙatar juyi.

A gida ma babu sauƙi. Ya Gumsu, wadda ta dawo zama da shi a Mafoni tun rasuwar mijinta, ba ta goyon bayan abin tun farko. Da safiyar Laraba, tana dama masa kunu, ta sake jera masa dalilanta. Takarda takarda ce, ba ta wanke jini. In aure ya zo dole a nemo shi, ko sunan wa aka rubuta. A aika turaren wuta da lafaya mai kyau, yarinya za ta huce. Sunan mahaifiyarsu kuwa, ita da ta girme shi da shekara shida ba ta taɓa ɗaukar sa a harshenta ba, sai shi, da furfura a gemu, a gaban baƙo. Kuma ya tuna Mikail, mutumin da ya ci da ita ya sha da ita shekara goma sha ɗaya bai nemi ko sisi ba.

Ba'ana ya ce ya tuna. Shi ba takardar ce ke hana shi sukuni ba. Kalmar nan ce, in duk ɗaya ne. Yarinya ta kwana ta tashi shekara da shekaru tana zaton duk ɗaya ne.

Ya Gumsu ta ce to, za ta kawo wayar, amma ba da bakinta ba.

Bayan la'asar ta sauka daga keke a bakin shagon. Eugene ya shigar da su ciki, ya kashe rediyo, ya ajiye wayar a kan tebur ya buɗe murya yadda kowa zai ji. Mikail ne ya ɗauka. Aka yi gaisuwa kamar kullum, aiki, ruwan sama, yara. Sannan ya ce ga ta nan.

"Alo," in ji wata murya. Ba muryar yarinya ba ce kuma. Ta yi kama da ta Kellu har Ya Gumsu ta ɗaga kai.

Ba'ana ya riƙe kwalin da hannu biyu, amma bai duba shi ba.

"Je regrette que tu sois partie," ya ce. "Je regrette que tu aies grandi loin de moi."

Babu kuskure ko ɗaya. Eugene ya gyaɗa kai. Daga can ɗaya gefen ana jin kukan kaza da ƙarar wani babur. Da ta yi magana, a hankali ta yi, Eugene yana juyawa da Hausa. Ta ce ta ji. Ta ce daidai ya faɗa, ko malaminsu ba zai gyara ba. Sannan ta yi wata gajeriyar tambaya, Eugene ya ɗan jinkirta kafin ya juya ta.

"Ta ce, da wa kake magana?"

Ba'ana ya dubi yayarsa. Ya Gumsu ta ja lafayarta ta rufe kai, ta miƙe, ta fita ta tsaya a rumfar huluna ta ba su baya. Ba ta yarda ba, amma ta ba shi wuri. Eugene ma ya juya yana neman wani abu a kan kanta.

Ba'ana ya ji kamar an ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa. Ya sunkuya kusa da wayar, ya yi bisimilla a zuci.

"Siddiƙa."

Sunan ya fito a shaƙe, don haka ya sake faɗa, ya bi shi da jimlolin biyu daga farko. A karo na biyun ya ɓata ta ƙarshen, Eugene kuma bai gyara masa ba.

Kuka take yi, ba mai ƙara ba. Cikin kukan ta ce Baba, ta gaishe shi da ɗan Barbarcin da ya rage mata, gaisuwar safe, ga shi kuwa yamma ta yi. Ya amsa mata da ta safen. Daga nan ta koma Faransanci da sauri, Eugene yana bin ta da ƙyar. Ta ce sunansa za a rubuta. Ana buƙatar hoton katinsa na ɗan ƙasa, gaba da baya, a turo yau ko gobe. Ta ce tana da tambayoyi da yawa, ba ta san da wane baki za su yi su ba.

Kafin ya sami abin cewa, wayar ta sauya hannu. Mikail ne, da Barbarci, muryarsa a kwance.

"Na ji Faransancinka, Ba'ana. Da kyau. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa raba kwanonta da na 'ya'yana ba. Gaya mini abin da na rage ta da shi, da har kake baƙin cikin ta girma a gidana."

Kwana tara Ba'ana ya yi yana shirya magana da harshen da ba nasa ba. Ga shi an tambaye shi da harshen da ya sha a nono, ba shi da ko kalma ɗaya. Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya ce Allah ne kaɗai zai biya Mikail. Duk abin da ya faɗa sai ya ji shi kamar hular da ba ta sha sitaci ba. Mikail ya ce babu komai, a turo katin, shi zai kai kotu da kansa tunda haka ake so, sauran magana sai wani lokaci. Ya kashe wayar ba tare da ya ce a gaida gida ba.

Eugene ba ya jin Barbarci sosai, amma ya ga fuskar maƙwabcinsa, bai tambaya ba. Ya Gumsu ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ji komai. Idonta ya yi ja, ta miƙa hannu ta ɗauki wayarta, ta goge fuskar da gefen lafaya, ta sake ajiye ta a kan tebur saboda hoton.

"Muryar Kellu ce sak," ta ce. "Sai ka nemo wanda zai koya maka abin da za ka gaya wa kawun. Wannan ba ya cikin littafin Oga Eugene."

Ba'ana ya zauna a kan buhun zare. Yarinyar tana gidan Mikail, abincinsa take ci, da shi za ta kwana ta tashi gobe da jibi. Bai sani ba ko ya sauƙaƙa mata zama ko ya tsananta. Abin da ya sani kawai shi ne ta ji, kuma ba za a iya mayar da shi ba.

Eugene ya duba agogo ya ce shi ƙarfe shida yake rufe shago, kuma hoton kati ba ya kyau in haske ya tafi. Katin yana Mafoni, cikin akwatin ƙarfe, makullin yana aljihun Ba'ana. Ya miƙe, ya roƙi Eugene ya sa ido a kan hulunan, in mai shuɗiyar nan ya zo a ce masa ba ta bushe ba. Ya gyara zaman tasa hular, ya fita ya nufi bakin titi neman keke.